Kunun Inna da ciwon zuciyata

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son in ba da labarin nan, kullum sai in ɗaga. Abin da ya tunzura ni yau shi ne wata mai jego da na gani a layin ganin likita, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, tana haki, tana roƙon mahaifiyarta su koma gida. Kamar ni ce aka ɗauko aka zaunar a bencin.

Na taso a gidan da ba a zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfin kowa, kuma da dalili. Ina da shekara 11 aka fita da yayata cikin dare tana naƙuda, hantsi bai gama ɗagawa ba aka dawo da ita a naɗe. Har yau babu wanda ya san takamaiman abin da ya faru a ɗakin nan. Inna ta tare wata ma'aikaciya a baranda ta tambaye ta, amsar da ta samu ita ce: "Ai ku kuka kawo ta a makare." Da wannan kalma Inna ta dawo gida, da ita ta rayu shekara da shekaru. Ta kan ce mutanen asibiti ba sa faɗa maka komai sai laifinka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni na yi boko, na yi NCE, na zama malamar firamare a nan Kano, ina zuwa awo, a asibiti na haifi 'ya'yana duka. Amma can ƙasan raina maganar Inna tana nan zaune.

Haihuwata ta uku ta zo a Disambar 2019, tsakiyar hunturu. Mace na sake samu, lafiya lau, kwana ɗaya aka sallame mu. Inna ta tattaro kayanta ta zo yi min jego kamar yadda ta yi a biyun farko. Da asuba ta hura wuta ta dafa ruwa da ganyen darbejiya, da yamma ta sake. Ga kunun kanwa mai zafi, ga ƙauri, ga yaji. Ina son a fahimce ni tun daga nan: wannan hidima ita ce hanyar da Inna ta iya nuna ƙauna. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, amma ko sau ɗaya ba ta bari ruwan ya huce ba.

Bayan suna da kamar mako biyu na fara haki. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai na dafa bango. Ƙafafuna suka kumbura, in na danna yatsa sai gurbin ya zauna. Da dare ba na iya kwanciya, da na miƙe sai tari ya turnuƙe ni kamar ana danna min filo a fuska. Na koma barci a zaune, na jera matasai uku a bayana. Inna ta ce sanyi ne ya shige ni, ta ƙara wa ruwan wanka wuta, ta ƙara wa kunu kanwa. Maƙociyata ta ce ƙarancin jini ne. Wata gwaggon maigida ta ce a bincika, kada a ce hannu ne.

Maigida ya kira wani mai kyamis a unguwarmu. Ya dube ni ya ce taifot ne da maleriya, ya ɗaura min ƙarin ruwa leda biyu, ya ba ni diklofenak saboda ciwon jiki. A daren nan na ga mutuwa da idona. Numfashi ya ƙi shiga, ƙirjina yana ƙara kamar ana dama kunu, ina tofar da kumfa. Daga baya na gane ruwa ne ya riga ya cika min huhu, aka zo aka ƙara wani a kai. Ban tuna yadda aka sa ni a mota ba. Na dai farfaɗo da robar iska a hanci, an yi min allurar da ta sa na yi ta fitsari har gari ya waye. Kwana 9 na yi a gado.

Ranar da aka yi min hoton zuciya, wanda suke kira eko, wani likita ya zo zagaye da ɗalibai a bayansa. Ya tsaya a ƙarshen gado yana duba fayil, yana yi musu bayani da Turanci a kaina, ni ina kwance kamar ba da ni ake ba. Ina jin Turanci, amma ba irin nasu ba. Da ya gama sai ya juya ga maigida ya ce zuciyata ce ta kumbura. Sannan ya dubi Inna da ke zaune a tabarma ya ce: "Mama, ku ne da kunun kanwa da wankan nan naku, ba kwa jin magana. Ga abin da yake jawowa." Ya ƙara da cewa in na sake ɗaukar ciki mutuwa zan yi. Suka wuce gado na gaba.

Ban taɓa ganin fuskar Inna ta yi abin da ta yi a ranar ba. Ba ta ce uffan ba. Ta ja mayafi ta rufe kanta. Cikin dare na ji tana kuka ƙasa-ƙasa tana cewa ta kashe ɗaya da jinkiri, ga ta za ta kashe ta biyu da hannunta. Wallahi wannan kukan ya fi ciwon yi min zafi. A wannan daren na ƙudura a raina cewa mutanen nan ba su da imani, kuma duk abin da suka faɗa sai na tantance shi a wani wuri.

Aka sallame ni da ledar magani kala huɗu. Babu wanda ya gaya min aikin ko ɗaya, sai dai "wannan safe, wannan safe da dare". Sai na koma ga wayata. Na kwafi sunan ciwon daga takardar sallama na zuba a Google. Ƙarfe biyun dare, jaririya tana kan cinyata tana shan nono, ni ina karanta yadda mata suke mutuwa da shi. Rabin abin ban gane ba, rabin da na gane ya hana ni barci. Na shiga zaurukan mata na WhatsApp da Facebook, can kuma kowa likita ce. Wata ta ce ƙanwarta ta warke da habbatus sauda da zuma. Wata ta turo muryar wani mai magani yana rantsuwa cewa kumburin zuciya kwana 21 ne a wurinsa. Wata kuma ta rubuta abin da ya fi kama ni: maganin asibiti in ka fara ba ka dainawa, a ƙarshe ƙoda yake lalatawa.

Me ya sa na fi yarda da su? Na sha yi wa kaina wannan tambaya. Su dai sun amsa min. In na rubuta da tsakar dare akwai wadda za ta ce "sannu 'yar uwa, Allah ya ba ki lafiya". Suna magana da harshen da nake ji, kuma babu wadda ta zagi uwata.

A watan Afrilun 2020 aka kulle Kano saboda korona, ranar da aka ba ni ta komawa asibiti ta wuce ina gida. Azumi ya kama a cikin kullen. Na ji sauƙi sosai a lokacin, kumburi ya saɓe, ina shara ina girki. Ƙwayar fitsarin nan kuwa tana sa ni ƙishi, ga zafin bazara. Sai na ajiye ta don in yi azumi, bayan kwana kaɗan na ajiye sauran ma. Na aika aka karɓo min jiƙo a galan daga wurin mai muryar nan, naira 18,000, kuɗin adashina. Ban gaya wa maigida ba. Inna ta sani, ba ta hana ni ba, don ita ma a lokacin ta fi amincewa da galan ɗin.

Bayan ƙaramar salla da mako biyu ciwon ya dawo, har ya fi na farko. Cikina ma ya kumbura. Aka sake kwasata.

A wannan kwanciyar Allah ya haɗa ni da wata likita. Ba Bahaushiya ba ce, amma Hausa ta zauna a bakinta. Ta jawo kujera ta zauna kusa da kaina, ta ce: "Malama, me aka ce miki yana damunki? Faɗa min yadda kika fahimta." Tun da na fara ciwon babu wanda ya taɓa tambayata abin da na fahimta. Na ce an ce zuciyata ta kumbura. Ta ce kina shan magani? Na ce ina sha. Ƙarya na yi, don na san abin da ke biyo bayan gaskiya a asibiti. Sai Inna ta sa hannu a jaka ta fito da gorar jiƙon ta ajiye a kan gado, ta ce: "Likita, wannan take sha. In faɗa za ki yi, ni za ki yi wa."

Likitar ta ɗauki gorar ta shinshina ta ajiye. Ta ce ba faɗa ta zo yi ba, so take ta san abin da ya sa na bar maganin, domin in ba ta sani ba zan sake bari. Na fashe da kuka, na kwashe komai na faɗa mata, har maganar ƙoda.

Ta yagi takarda ta zana min zuciya. Ta ce in ɗauke ta kamar famfon tuƙa-tuƙa. A kowane bugu, lafiyayyar zuciya tana tura kashi 55 zuwa 70 cikin 100 na jinin da ya taru a babban ɗakinta na hagu. Tawa 28 take turawa. Naman zuciyar ne ya saki, jini yana taruwa a baya, ruwa yana tsattsafowa cikin huhu da ƙafafu. Ta ce ciwon yana zuwa ne a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, kuma ana tabbatar da shi in adadin nan ya gaza 45. Sannan ta zazzage ledar maganina ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Wannan, Lasix, shi ke fitar da ruwa, shi ya sa nake jin sauƙi da wuri, amma ba shi ke gyara zuciya ba. Waɗannan biyun, enalafiril da kabedilol, su ne ke rage wa zuciya nauyi su ba ta damar farfaɗowa, aikinsu a hankali yake, wata da watanni, ba a jin sa a jiki. Ta ce shi ya sa mutane da yawa suke ajiye su.

Game da ƙoda kuwa, ba ta ce ƙarya ce ba. Ta ce akwai ƙamshin gaskiya a ciki: wasu daga magungunan suna iya taɓa aikin ƙoda da gishirin jini, don haka ake gwajin jini lokaci-lokaci a daidaita su. Amma zuciyar da aka bari ba magani ta fi saurin kashe ƙoda, diklofenak ɗin da na sha ma haka. Da ta ce min duk abin da na karanta shirme ne, da ban yarda da ita ba. Da ta ware min gaskiyar daga cikin jita-jitar, sai na ji zan iya kawo mata duk abin da na ji a waje.

Inna tana gefe tana saurare. Can ta gyara murya ta ce: "Likita, tsakaninki da Allah, ni na jawo mata?"

Likitar ta juya kujerarta ta fuskanci Inna. Ta ce: "Mama, bari in faɗa miki abin da aka sani." Ta ce tun a shekarun 1970 wasu likitoci a Zariya suka lura ciwon ya yi yawa a tsakanin masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Haka aka koyar da likitoci shekara da shekaru. Amma wani babban bincike da aka wallafa a 2020, wanda Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitoci da dama na ƙasar nan, bai samu cewa waɗannan al'adu su kaɗai suna ƙara haɗarin ba. Abubuwan da suka fi fitowa su ne hawan jini na masu ciki, rama, da talauci. An kuma ga ƙarancin wani sinadari mai suna siliniyam a jinin masu ciwon, a Kano da ma Yamai. Ta ce yankinmu na cikin wuraren da ciwon ya fi yawa a duniya, kusan mace ɗaya a cikin haihuwa 100, kuma yana kama matan Amurka da Afirka ta Kudu waɗanda ba su taɓa ganin kanwa ba. "Saboda haka, Mama, ba zan ce ke kika jawo ba. Amma yanzu da zuciyar ta yi rauni, kanwa gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Ita da magi da gishiri, ke nake so ki tsaya min a kansu."

Inna ta yi shiru, ta goge ido da bakin zani. Ta ce: "To wankan fa?" Likitar ta ce ruwa mai ɗumi babu laifi, banda mai ƙuna. Daga ranar Inna ta zama mai gadin tukunyata. Ita da ta tsani asibiti, ita ce take tashina da asuba ranar layi, ita ke ƙirga min ƙwayoyi.

Magana mafi nauyi ta zo bayan wata shida, da aka sake eko aka ga 38. Likitar ta ce in zo da maigida. Na ɗauka za a yi yadda aka saba, a yi magana da shi a kaina. Sai ta gaishe shi ta ce: "Malam, na kira ka ne don abin ya shafe ka, amma jikin nata ne, ita zan fara tambaya." Ta dube ni ta ce me nake so game da haihuwa. Na ce ina son ƙari. Shekarata 30, 'ya'yana mata uku, kuma ko ba a faɗa ba na san abin da dangin miji suke jira.

Ba ta tsorata ni da kalmar mutuwa ba, ba ta kuma ɓoye ta ba. Ta ce muddin ƙarfin zuciyar bai kai 50 ba, shawarar likitocin zuciya ita ce kada a ɗauki ciki, domin haɗarin ya ta'azzara ko a rasa rai babba ne. Ko ya dawo daidai, ciwon yana iya komowa, sai dai haɗarin ya ragu. Enalafiril ɗin da nake sha kuma yana illa ga ɗan tayi, dole a canza shi kafin ciki. Maigida ya tambaye ta ko zan warke. Ta ce wasu suna komawa daidai, wasu ba sa komawa, kuma ba za ta yi masa alkawarin abin da ba ya hannunta ba. Ta jera mana hanyoyin tazarar haihuwa. Ƙwayar da ake sha kullum mai sinadarin istirojin ba ta dace da ni ba saboda tana iya sa gudan jini. Saura ashanar hannu, robar mahaifa, ko a ɗaure gaba ɗaya, abin da muke ce wa juya mahaifa. Na ce ita wanne ta gani? Ta ce in ra'ayinta nake tambaya, ɗaurewar ta fi ba ta kwanciyar hankali, amma ba ita za ta zauna da hukuncin ba. Ta ba mu mako biyu.

Mako biyun nan ban yi barcin kirki ba. Na yi istihara. Maigida ya je wurin malaminsa, malamin ya ce in likita amintacce ya tabbatar da haɗari ga rai, tsayar da haihuwa ya halatta, kuma ya fi son a ɗauki hanyar da za a iya warwarewa in hali ya canza. Ni ma can zuciyata ta karkata. Ban iya rufe ƙofar gaba ɗaya ba. Muka koma na ce ashana nake so, mai shekara 5. Ina jiran in ga ɓacin rai a fuskarta tunda na bar shawararta. Ta ce to, ta rubuta, ta ce sharaɗinta ɗaya ne: duk ranar da na ji ina son cirewa, in fara zuwa wurinta kafin in je wurin kowa. A farkon 2021 aka sa min.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Hajiyar maigida ta daɗe tana cewa likitoci sun tsorata ni ne kawai, su da suka haifi goma ba su ga haka ba. A 2023 maigida ya ƙara aure. Ya zauna da ni kafin ya yi, bai wulaƙanta ni ba, amma na yi kuka mai yawa. Ranar sunan ɗan da amarya ta haifa na yi hidima da hannuna, da dare na shiga ɗaki na shafa ashanar da ke damtsena na daɗe a zaune. Abin da ya riƙe ni shi ne na san dalilin da ya sa take wurin, kuma ni na ce a sa. Da an yi min dole, ko an sa hannu a madadina, ina jin da tuni na je an cire ta a ɓoye.

A shekarar ce kuma likitata ta tafi aiki ƙasar waje, kamar yadda da yawansu suke tafiya. Na ji kamar an yi min rasuwa. Yanzu duk zuwa da wanda zan tarar, wani mai haƙuri, wani ko kai ba ya ɗagowa. Na ƙirga mutanen da ke layi wata rana, sun haura 70, likita biyu. Na fahimci gajiyarsu, har na ɗan sassauta wa wancan na farko a raina, ko da yake har gobe ina ganin bai kyauta wa Inna ba. Ina da ƙaramin littafi da nake rubuta sunayen magunguna, da adadin eko, da nauyina na kowace safiya, da tambayoyi uku da ba zan tashi daga kujera ba sai an amsa min. Ban daina karatu a waya ba, sai dai abin da na gani nakan ɗauki hotonsa in kai a duba. Kwanaki na je wani ƙaramin asibiti da ciwon baya, aka rubuta min diklofenak. Na ce: "Likita, ka yi haƙuri, ina da ciwon zuciya, an hana ni wannan." Ya karɓi littafin ya duba, ya soke ya rubuta farasitamol, har ya yi min godiya. Azumi ma yanzu tare muke tsarawa. Shekara biyu ban yi ba, da zuciyar ta ƙara ƙarfi aka mayar min da lokutan magani sahur da buɗa-baki.

Eko na ƙarshe ya nuna 52. Autata tana aji ɗaya a firamare, a makarantar da nake koyarwa. Saura wata huɗu wa'adin ashanar ya cika, kuma har yanzu ban tsayar da magana ba. Wata rana in tashi ina jin yaran nan uku sun ishe ni, ba zan yi caca da maraicinsu ba. Wata rana in ga jariri a bayan wata sai hawaye ya zo min. Na rubuta tambayar a saman sabon shafi: da wannan 52 ɗin, in na ɗauki ciki, me zai iya faruwa, kuma wa zai kula da ni daga watan farko har bayan arba'in? Ranar Talata nake da layi. Maigida ya ce zai nemi izini a wurin aiki ya raka ni, Inna ma ta ce ba za a bar ta a gida ba.